Mai Bi a Gidan Makoki

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa har yanzu kana cikin masu tambaya, ka sani akwai wata rana da za ta zo maka, idan ba ta riga ta zo ba. Za a aiko maka da asuba, ko waya ta yi ƙara da tsakar dare, a ce an yi wa abokinka rasuwa. Za ka sa riga ka kama hanya, ƙafa tana gaba zuciya tana ja da baya, kana tambayar kanka, "To, in na isa, me zan ce?" Kafin ka san Almasihu ba ka yin wannan tambaya, gama ka san abin da kowa yake faɗi, kai ma sai ka faɗa. Amma yanzu an gaya maka kai mai bege ne, sai ka ga kamar an ɗora maka kaya. Kana tsammani wajibi ne ka shiga gidan da sakin fuska da magana mai warkarwa, alhali kuwa kai kanka maƙogwaronka ya cushe, domin wanda ya rasu kai ma naka ne. Saboda wannan rana aka rubuta darasin nan, domin kai, da ke kuma, 'yar'uwa.

Zan fara da nawa kuskure, don kada ka ɗauka mai rubutun nan ya fi ka. Ina da aboki wanda muka tashi tare, muka yi kiwon awaki tare, muka shiga ajin baftisma shekara ɗaya. Wata damina, gero ya soma nuna, zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗansa na fari, yaro ɗan shekara 6. Kwana uku yana fama, a rana ta huɗu suna kan hanyar asibiti a bayan babur ya cika a hannun ubansa. Yaron nan ni nake koya masa a makarantar Lahadi. Shi ne yake rigan kowa zuwa, ya share mini benci da gefen rigarsa, sa'an nan ya zauna yana jira a ce ya kyauta.

Bayan an dawo daga maƙabarta na tafi gidan da Littafi a hammata. Na tarar da abokina a zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Na zauna na buɗe, na karanta masa wuri ɗaya, na ƙara wani, na ƙara wani, ina yi ina bayani. Na ce masa Allah ya fi mu son yaron. Na ce kada ya yi baƙin ciki irin na marasa bege. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Da na gama sai ya ɗago kai ya ce, "Na gode, Malam." Tun muna yara bai taɓa kirana Malam ba idan muna mu biyu, sunan wasa yake kirana da shi. Da jin kalmar nan na gane ya yi mini sallama irin ta baƙo. Ya nemi abokinsa, sai malamin majami'a ya zo.

Ina fitowa na gamu da wata tsohuwa ta zumuntar mata, wadda ba ta iya karatu ba ko harafi ɗaya. Ta ji duk abin da na yi daga bayan zana. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, ɗana, ajiye wa'azin tukuna, ai ba ya ruɓewa. Kai ma je ka yi kukanka." Ita kuwa abin da ta yi a gidan ke nan: ta shiga ta ce wa uwar yaron sannu, ta zauna a bakin ƙofarta. Can ta tashi ta ɗebo ruwa, ta dama wa ƙannen mamacin kunu, ta share tsakar gida. Kowace safiya haka, har wajen mako biyu. Daga baya, da na koma cikin Littafi da ido a buɗe, sai na iske tsohuwar nan ta fi ni kusa da abin da aka rubuta.

Kwana bakwai na abokan Ayuba

Ka duba littafin Ayuba, ƙarshen sura ta 2. Mutumin nan ya rasa 'ya'ya goma a rana ɗaya, dukiya ta tafi, jiki ya lalace da gyambo. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka ji labari, kowa ya taso daga garinsu. Ciwo ya sauya shi har suka kasa shaida shi. Suka yi kuka, suka sauka ƙasa inda yake, suka yi mako guda cur a wurin bakinsu a rufe. Har zuwa nan babu wanda ya kama su da laifi, kuma ban san wata ta'aziyya da mutum ya yi wa mutum a cikin Littafi wadda ta fi wannan ba.

Ɓarna ta soma ne sa'ad da Ayuba ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi. Suka kasa jurewa. Suka ga lalle sai sun kāre Allah, sai sun samo dalilin masifar, dalilin kuwa da suka samo shi ne zunubi. Bildad har ya kai ga cewa 'ya'yan da suka mutu hakkin laifinsu ne ya kama su. Ka tuna, uba ne ake gaya wa wannan, kaburbura goma ba su bushe ba. A sura ta 42 Ubangiji ya husata da su uku ɗin nan, ya ce ba su faɗi daidai game da shi ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Sun yi tafiya mai nisa saboda ƙauna. Abin da ya kā da su shi ne ba su iya zama kusa da tambayar da ba ta da amsa ba.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Saboda haka ka tsare bakinka daga irin waɗannan: "Da kun kai shi asibiti da wuri." Ya riga ya faɗa wa kansa haka sau ɗari tun kafin ka zo. "Kuna da sauran ƙuruciya, za ku sami wani." Yaro ba tukunya ba ne da za a sayo madadinsa a kasuwa. Mafi muni kuma, kada ka sa kunne, balle baki, cikin zancen masu neman wanda za a ɗora wa maita ko sammu. Gidaje nawa suka tsage, tsofaffi nawa aka wulakanta saboda irin wannan raɗa a zaman makoki! Idan kuma abokinka sabon mai bi ne, ka sani za a sami mai gaya masa a kunne cewa barin hanyar kakanni ne ya jawo masa. Wannan ita ce maganar Bildad cikin wata riga. Ba sai ka tā da gardama a gaban jama'a ba, amma in kun keɓe ka gaya masa a fili cewa Ubangijinmu da kansa ya ƙi irin wannan lissafi sa'ad da almajiransa suka tambaye shi game da mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura ta 9.

Hawayen Ubangiji a Baitanya

Yanzu ka juya zuwa Yohanna sura ta 11, ka karanta ta a hankali, gama ita ce cibiyar darasinmu. Baitanya ƙauye ne, wajen mil 2 daga Urushalima. A can Li'azaru yake zaune da 'yan'uwansa mata, Marta da Maryamu, Yesu kuwa yana ƙaunar gidan. An aika masa Li'azaru ba shi da lafiya, bai zo nan da nan ba. Da ya iso, mamacin ya kwana huɗu a kabari.

Ka lura da abu ɗaya wanda na daɗe ban gani ba. Matan nan biyu magana iri ɗaya suka tarye shi da ita, watau da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. Akwai bangaskiya a cikin maganar, akwai ƙorafi kuma, bai kuwa tsauta wa ko ɗaya ba. Amma bai amsa musu iri ɗaya ba. Marta ta fito ta tarye shi a hanya, tana so ta yi magana, tana da tambaya, sai ya yi magana da ita, ya bayyana mata cewa tashin matattu da rai a wurinsa suke. Maryamu kuwa ta fāɗi a ƙafafunsa tana kuka. Ita bai yi mata darasi ba. Ya tambayi inda aka sa gawar, hawaye suka zubo masa. Ni na kai wa abokina amsar Marta a ranar da yake bukatar ta Maryamu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ka bari mai makoki ya nuna maka abin da yake iya ɗauka a yau, kada ka zo da naka shiri daga gida.

Sa'an nan ka yi tunani a kan hawayen nan. Ya san abin da zai yi. Ya san kafin rana ta fāɗi Li'azaru zai fito da ƙafafunsa. Duk da haka ya yi kuka, har mutanen da ke tsaye suka shaida irin ƙaunar da yake yi masa. Ashe kuka ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ne, tun da shi ke wanda bangaskiyarmu ta dogara a kansa ya yi shi a bakin kabari, a gaban jama'a. Mutuwa maƙiyiya ce, haka Littafi yake kiranta, ba a kuwa yi wa maƙiyi murmushi don an san za a ci shi da yaƙi.

Wannan magana tana da nauyi a gare mu musamman, mu da aka rene mu da kunya. An koya mana namiji ba ya kuka. An koya mana uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya nuna ya damu da shi, ko da zuciyarsa tana ƙuna. Kunya abu ne mai kyau, ba na so a yar da ita. Amma na ga abin da ta yi wa abokina: mutane suna shigowa suna cewa, "Sannu, ya haƙuri?" yana amsawa, "Da godiya," daga safe har magariba, ba shi da ko mutum ɗaya da zai iya buɗe wa cikinsa. Idan kai ne amininsa, ka zama wannan mutum ɗaya. Ka zauna bayan kowa ya watse. In hawayenka sun zo kada ka haɗiye su, gama wani lokaci sai ya ga naka kafin ya ba kansa izini.

Mene ne begen, ainihinsa?

Wataƙila za ka ce, "Ba Bulus ne ya hana mu baƙin ciki ba?" Ni ma haka na ɗauka ranar da na karanta wa abokina. Wurin yana cikin wasiƙa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura ta 4. An rubuta ta wajen shekara ta 50 ko 51 bayan haihuwar Almasihu, zuwa ga mutane irinku, sababbin masu bi, waɗanda aka raba su da malaminsu da wuri saboda tarzoma. Waɗansu a cikinsu suka mutu, sauran suka ruɗe, suna tsoro ko matattunsu sun yi asarar ranar komowar Ubangiji. Bulus bai ce kada su yi baƙin ciki ba. Ya bambanta baƙin ciki iri biyu ne: na wanda ya ɗauka an rabu ke nan har abada, da na wanda ya san akwai saduwa. Shi kansa ya gaya wa Filibiyawa cewa da abokin aikinsa Abafaroditas ya mutu a ciwon da ya yi, da ɓacin ransa ya ninku. A Ayyukan Manzanni sura ta 8 kuma, masu tsoron Allah da suka binne Istifanas sun yi masa makoki mai yawa.

Begen mai bi ba fata ba ne irin na mai cewa wataƙila gobe a yi ruwa. Yana tsaye ne a kan abin da ya riga ya faru: an gicciye Yesu a zamanin Bilatus, an sa shi a kabari, a rana ta uku ya tashi, mutane da yawa suka gan shi da rai. In ya tashi, waɗanda ke nasa za su tashi. A Korintiyawa ta fari, sura ta 15, Bulus ya kwatanta jikin da ake sa wa a ƙasa da iri, kwatancin nan kuwa ba wanda ya kamata ya gane shi kamar manomin ƙasarmu. Ka san shukar binne. Rani ya yi nisa, ƙasa ta bushe ƙamas, ko digon ruwa bai sauka ba, sai manomi ya kwance damin iri da ya hana 'ya'yansa ci tun kaka, ya je ya tona busasshiyar ƙasa ya zuba ya rufe. Baƙon da bai san noma ba zai ce mutumin nan ya zubar da abinci. Manomi kansa ba ya komawa gida yana rawa, gama rumbu ya ragu, sama kuwa fes. Amma ya san abin da ya sa a ƙasa, ya san kuma damina tana zuwa. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga iri da ga mamaci, binnewa. Manomi yakan yi asarar binnensa in ruwa ya yi jinkiri, amma wanda ya yi mana alkawarin tashi ba ya saɓa magana.

Game da ƙananan yara, ka tuna yadda Ubangiji ya karɓe su ya rungume su sa'ad da almajirai suke korarsu, ka tuna kuma Dawuda, wanda bayan jaririnsa ya mutu ya ta'azantu da sanin cewa wata rana shi ne zai je wurin yaron.

To, amma ga abin da nake so ka riƙe. Wanda aka yi wa sabuwar rasuwa sau da yawa ba ya iya jin daɗin wannan bege, ko da ya gaskata shi. Abokina ya yi watanni bai iya addu'a ba. Yana zuwa sujada, in an tā da waƙa sai ya fita. Kada ka tsorata, kada kuma ka ce ya ja da baya. Ka tuna shanyayyen nan na Markus sura ta 2, wanda mutum huɗu suka ɗauko a kan shimfiɗarsa, da suka rasa ƙofa suka buɗe rufin soro suka zura shi. Markus ya ce bangaskiyar masu ɗaukar ce Yesu ya duba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kwanakin da abokinka ba ya iya addu'a, kai ka yi a madadinsa. In ya yarda, ka yi gajeruwa a gabansa, kalma goma sun isa. In bai yarda ba, ka yi a ɗakinka. In ya faɗi magana mai zafi a kan Allah, kada ka toshe masa baki. Zabura ta 88 addu'a ce da ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba haske ko kaɗan a ƙarshenta, duk da haka an ba ta wuri a cikin Littafi Mai Tsarki.

Idan mamacin ba mai bi ba ne

Wannan ita ce tambayar da sababbin masu bi suka fi yi mini, yawanci da murya ƙasa-ƙasa, gama kusan kowannenku yana da uwa ko uba ko amini a wani addini. Shin in je? Ka je. Zumunta a ƙafa take, bin Almasihu kuwa bai yanke ka daga danginka da maƙwabtanka ba. Ka je da wuri, ka yi gaisuwa da ladabi, ka taimaka da shimfiɗa tabarmi da ɗiban ruwa, ka ba da gudummawa gwargwadon ƙarfinka. Ka roƙa musu haƙuri daga Allah da zuciya ɗaya. In an zo wani abu na ibada wanda lamirinka bai yarda da shi ba, ka zauna shiru da mutunci, ba tare da nuna ƙyama ba. Game da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mu ba mu koyar da cewa abin da masu rai suke bayarwa yana sauya matsayin mamaci ba, amma zuwa gaishe da masu rai a ranakun nan ba laifi ba ne. In kana shakka, ka shawarci fasto ko dattijon ikilisiya.

Gidan makoki ba wurin gardamar addini ba ne. Kada ka yanke hukunci a kan makomar mamaci, ko a bakinka ko a zuciyarka, gama ba a ba ka wannan kujera ba. Ba ka san abin da ya wuce tsakanin rai da Mahaliccinsa ba. Kada kuma ka yi alkawarin abin da ba ka sani ba don kawai ka sanyaya zuciya. Ibrahim, sa'ad da yake roƙo saboda Saduma, ya kafa hujjarsa a kan cewa Mai shari'ar duniya duka ba zai yi rashin gaskiya ba. A nan ni ma na ajiye kakata, wadda ta rene ni ta kuma rasu a kan al'adar iyayenta. Ban sami amsar kome da kome ba, amma na san hannun da na bar ta a ciki, shi ne hannun da aka huda saboda masu zunubi.

Bayan baƙi sun watse

Kwana uku na fari gida cike yake. Bayan mako guda sai a naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa, a nan ne ainihin makoki yake farawa. Uwa ta zuba tuwo sai ta ga ta ɗauko kwano ɗaya fiye da masu ci. A wannan lokaci ake sanin aboki. Saƙon waya yana da amfaninsa, amma ba ya ɗebo ruwa. Kada ka ce, "In kana bukatar wani abu ka gaya mini," gama ba zai gaya maka ba. Ka duba da idonka. Ka tuna Rut: ita ma mijinta ya mutu, tana da nata makoki, surukarta Na'omi kuma ta cika da ɗaci har ta ce a sauya mata suna. Rut ba ta yi mata gardama ba, ta bi ta zuwa Baitalami, ta shiga gonaki tana kalar hatsi don su ci.

Geron abokina ya nuna a makon da aka yi rasuwar, tsuntsaye suna ta ci, shi kuwa ko kallon gona ba ya yi. Muka yi gayya, matasan ikilisiya da maƙwabtansa Musulmi biyu, muka girbe muka ɗaure muka kai gida. Ranar ce ya sāke kirana da sunan wasa. Ka lura kuma da sauran yaran gidan, gama su ma sun yi rashi, ba mai tambayarsu. A damina ka tabbata suna kwana cikin gidan sauro, in jikin wani ya yi zafi a kai shi a gwada jini a ranar, kada a jira. Idan kuma ka ga abokinka ya daina ci da barci na tsawon lokaci, ko ya kama shaye-shaye, ko ya fara cewa gara ya bi mamacin, kada ka riƙe wannan a matsayin asiri. Kada a bar shi shi kaɗai, ka gaya wa fasto da wani babba a gidansu, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Kai kuma fa? Ina taka salama? Na neme ta da fari ta wurin ƙoƙarin gyara abokina, ban samu ba, gama duk ranar da na gan shi a dagule sai in ga na kāsa. Ta zo ne sa'ad da na yarda cewa ba ni ne Mai Ta'aziyya ba. Wannan sunan Ruhu Mai Tsarki ne, yana kuma aiki a cikin dare sa'ad da ni ina barci. Nawa shi ne in je, in zauna, in yi abin da hannu ya iya, in koma gida in faɗa wa Ubangiji nawa baƙin ciki ba tare da ado ba. Na bi shawarar tsohuwar nan a ƙarshe: wata Lahadi bayan yara sun tashi na zauna a kan bencin da ba a share ba na yi kuka har na gaji. Salamar da Almasihu yake bayarwa ba ta jira sai hawaye sun tsaya. Ya yi wa almajiransa alkawarinta ne a daren da za a bāshe shi, suna cikin tsoro. Kada kuma ka ɗauki kayan kai kaɗai, ka nemi wani mai bi da ya girme ka ka riƙa gaya masa yadda kake ji.

Ba mu ne na fari a wannan hanya ba a ƙasarmu. A shekarar 1913 waɗansu daga cikin jama'ar da ake kira Isawa suka zo wurin Likita Mila a Zariya suna neman ƙarin sani game da Isa Almasihu. Aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, da makaranta da gonaki. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya fāɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, har aka tashi daga wurin. Sababbin masu bi ne kamarka, suna binne juna, a lokacin da Littafi Mai Tsarki bai ma fito dukansa da Hausa ba, gama sai a 1932 ya fito. Waɗanda suka ragu, da 'ya'yansu, suna cikin tushen ikilisiyar Wusasa.

Da bazara ta kewayo, na je taya abokina shuka. Ruwa bai sauka ba tukuna, binne muke yi, shi yana sara da sungumi ni ina bi ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Mun kai tsakiyar gona sai ya tsaya ya dogara da sungumin, bai dube ni ba, ya ce, "Bara war haka ɗanka ne yake bina da ƙoƙon iri." Na ce na tuna. Ya yi shiru, can ya ce, "Abin nan da ka karanta mini a zaure ranar nan, ban ji ko ɗaya ba. In mun koma gida ka sāke karanta mini." Muka ƙarasa layin, muka kama na gaba.